Aggressive: Kalmar da Ake Yabo da Ita, Ake Zagi da Ita



Yau a kan kalma ɗaya tal za mu tsaya, kuma ta Turanci ce. Ko mutum bai yi nisa a boko ba, da wuya a ce bai taɓa jin ta ba, ko dai a bakin mai sharhin ƙwallo, ko a bakin likita, ko a wajen ɗansa da ya dawo daga intabiyun neman aikin banki. Kalmar ita ce aggressive, wadda harshenmu ya lanƙwasa ta koma agiresib. Tana da 'yan ɗaki biyu, aggression, sunan aikin ke nan, da aggressor, shi kuma mai aikatawa. A cikin kalmomin da ke ba masu fassarar labarai wahala, wannan tana sahun gaba. Da safe za ka ji an zagi wani da ita, da rana a yabi wani da ita, da yamma likita ya faɗe ta a kan cutar da ba ta da zuciya balle a ce ta yi fushi. Mai fassarar da ya riƙe ma'ana ɗaya, ya ce duk inda ya gan ta faɗa ake nufi ko zafin rai, zai yi ta shara wa masu saurare ƙarya bai sani ba.

Asalinta Latin ne, harshen Rumawan dauri. Gaɓa biyu aka haɗa, ɗaya tana nufin zuwa wajen wani abu, ɗaya tana nufin taku. Wato taka ƙafa ka nufi wani. Daga wannan saiwa ta taku Turanci ya samu progress, takawa gaba, da congress, takowa a haɗu wuri guda. Tun a bakin Rumawa, nufar mutum tana iya zama don a yi masa magana, tana iya zama don a far masa. Da kalmar aggression ta shiga Turanci wajen ƙarni na 17, ma'anar farmaki ce ta biyo ta, musamman farmakin wanda ya fara, ba tare da an tsokane shi ba. Ku riƙe wannan na farawa, domin ko'ina kalmar ta shiga yana nan maƙale da ita. Aggressor shi ne wanda ya tako, bai jira an zo masa ba.

Inda ta fi nauyi shi ne tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma a nan ba a wasa da ita. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, a sashe na 39, ya ba Kwamitin Sulhu ikon ya tantance ko wata ƙasa ta aikata aggression, amma bai faɗi mene ne shi ba. Sai da aka shafe kusan shekara 30 ana ja-in-ja kafin Babban Zauren Majalisar ya amince da ma'ana, a ƙuduri mai lamba 3314 na ranar 14 ga Disamba, 1974. A taƙaice, ƙasa ta yi amfani da ƙarfin soja a kan 'yancin wata ƙasa, ko iyakokinta, ko ikonta na mulkin kanta. Ƙudurin ya jero misalai: kutsawa da sojoji, ruwan bama-bamai, toshe tashoshin jiragen ruwa, tura sojojin haya ko gungun 'yan bindiga, har da ba wata ƙasa aron filinka ta kai wa maƙwabcinka hari. Daga baya, a taron Kampala ta Uganda a 2010, aka rubuta ma'anar wannan laifi a dokar Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, kotun kuma ta samu ikon sauraron irin wannan ƙara daga watan Yulin 2018.

Saboda nauyin nan ne manyan ƙasashe suke kaffa-kaffa da ita. Lokacin da Iraƙi ta afka wa Kuwaiti ranar 2 ga Agusta, 1990, Kwamitin Sulhu ya yi tir a ranar, ya ce an keta zaman lafiyar duniya, ya umarci Iraƙi ta janye, amma a ƙudurin nasa mai lamba 660 bai kira abin da wannan suna ba. A 2022 kuwa, da Rasha ta shiga Yukiren, ita Rasha ta ce aikin soja na musamman take yi. Babban Zauren Majalisar ya zauna ranar 2 ga Maris ya kira abin aggression ƙarara, ƙasashe 141 suka goyi baya, ciki har da Najeriya, 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Wani ɓangare na rigimar diflomasiyyar wancan mako a kan suna aka yi shi.

Mu ma a nan yankinmu kalmar tana cikin takardunmu. Ƙungiyar ECOWAS ta sa hannu a Legas a 1978 kan yarjejeniyar rashin kai wa juna hari, Tarayyar Afirka ta yi tata a Abuja a 2005. A watan Satumban 2023, da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu na Sahel, sun rubuta cewa wanda ya taɓa ɗayansu, sauran za su ɗauka su aka far wa, kuma da wannan kalma suka rubuta, a Faransanci. Tun da an zo nan, bari in ja hankalin masu saurarenmu na Yamai da Maraɗi da Garwa da Injamena. A Faransanci, idan ɓarayi suka tare mutum a lungu suka ƙwace masa waya, agression ake cewa. Bature ɗan Ingila ba kasafai yake kiran wannan haka ba, yana da wasu kalmomin na fashi da duka. Kalmomin biyu sun yi kama a ido, amma ba ko'ina suke tafiya tare ba.

To yaya za mu ce da Hausa? Na sha jin an fassara ta da ta'addanci, kuma ina ganin wannan kuskure ne babba. Kalmar ta'addanci ta riga ta samu mazauni a kunnen Bahaushe, ita ce ta masu tayar da bam a kasuwa da masu yanka mutane a ƙauye. Idan ka ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta zargi wata ƙasa da ta'addanci alhali aggression aka ce, ka canza tuhumar gaba ɗaya. Far wa ƙasa da yaƙi, ko keta haddin ƙasa, ko mamaya idan har sojoji sun shiga sun zauna, waɗannan sun fi kusa. Idan kana son nauyin hukuncin ya fito, ka ce cin zali, domin mai cin zali shi ne mai ƙarfin da ya fara.

Yanzu mu bar fadar shugabanni mu shiga asibiti, domin a nan ne kuskuren fassara yake iya cin rai.

A watan Mayun 2025 ofishin tsohon shugaban Amurka Joe Biden ya sanar cewa an gano yana da sankarar mafitsara ta maza, wadda ta kai ga ƙashi, kuma an siffanta ta da aggressive. Idan likita ya faɗi haka a kan ciwon daji, abin da yake nufi shi ne irin wanda ke saurin girma da saurin yaɗuwa a jiki. Magana ce a kan saurin cutar. Matakin da ta kai kuma, wato ko tana wuri ɗaya ko ta bazu, wannan wani awo ne daban. Sau da yawa su biyun suna haɗuwa, amma ba dole ba ne. A cikin ita sanarwar ta Biden ma an ƙara da cewa cutar tana jin maganin da ake yi ta hanyar rage sinadaran jiki, saboda haka ana iya shawo kanta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne wata sankara ta yara da ake kira da sunan Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ailan da ya yi bayaninta a Uganda a 1958. Ta fi yawa a yankunan Afirka masu zazzaɓin cizon sauro, kuma sau da yawa a muƙamuƙi ko a ciki take fitowa. Tana cikin mafiya saurin girma da aka sani a jikin ɗan Adam, ƙwayoyinta kan ninka cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Amma ga abin mamaki, wannan saurin nata shi ne ya sa take jin magani, domin allurar sankara ta fi kama ƙwayoyin da ke cikin rarrabuwa. Yaron da aka kai da wuri aka kuma kammala masa magani yana da kyakkyawar damar warkewa.

Ku kwatanta a ranku. Ga uwa zaune a bakin gado, ta rungume yaro ɗan shekara 7, kumatunsa na dama ya kumbura har ido ya ƙanƙance, haƙora sun fara girgiɗi. Ga kawun yaron tsaye riƙe da katin asibiti da ledar magani, shi ne mai ɗan Turanci a gidan. Likita ta duba takardar gwaji, ta ce cutar aggressive ce, kuma za a yi mata aggressive treatment. Uwa ta ɗago kai ta ce, "Yaya, me ta ce?" Kawu ya yi shiru, ya haɗiye yawu, ya ce, "Ta ce mugun ciwo ne, ya yi tsanani, sai dai addu'a." Washegari kafin likita ta zagayo, an naɗe tabarma an tafi da yaro gida, ko wajen mai magani. Alhali abin da likita ta faɗa shi ne, ciwon gudu yake yi, mu ma sai mun yi gudu, a fara magani mai ƙarfi yau ba gobe ba. Jimla ɗaya, kalmar ta fito sau biyu, ta farko gargaɗi ce, ta biyu kuwa shiri ne na ceto. Kawu bai yi ƙarya da gangan ba, ma'anar da ya koya a makaranta ya bayar.

A cikin wannan asibitin dai, idan ka leƙa ɓangaren masu taɓin hankali ko na tsofaffin da ƙwaƙwalwarsu ta fara rikicewa, za ka tarar nas ta rubuta a fayil cewa majinyaci ya zama aggressive da daddare. Ita kuma nufinta ya kai duka, ya fizge robar ƙarin ruwa, ko ya yi ta zage-zage. Rufi ɗaya, ma'ana uku. Don haka ina roƙon likitocinmu da ke jin Hausa, in dai da mai jinya kuke magana, ku ajiye Turancin nan ku ce mai saurin yaɗuwa, ku ce magani mai ƙarfi ba tare da jinkiri ba. Wanda ba ya jin Hausa kuma ya nemi mai fassarar da ya san aikin asibiti.

A harkar kuɗi kalmar ba ta da zafi ko kaɗan, girman taku kawai take nunawa. A 2022 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4 cikin 100 a shekara guda, jaridu suka ce ya yi aggressive. Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya yi irin haka a watan Fabrairun 2024, ya ɗaga daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a zama ɗaya, kafin shekarar ta ƙare ya kai 27.5. Ba ɗaga murya a ɗakin taro ake nufi ba. Ƙari mai tsoka aka yi, ba sani ba sabo, don a karya hauhawar farashi. Haka idan aka ce mai zuba jari aggressive ne, mai kasada ake nufi, wanda ya yarda ya yi asara babba don neman riba babba.

Daga nan ne yabon ya shigo. A ƙarni na 20, musamman a Amurka, inda tallan kaya ya zama sana'a mai zaman kanta, sai kalmar ta koma kirari. Ɗan tallan da ba ya jiran mai saye ya zo, shi yake zuwa, ba ya kuma jin kunyar a ce masa a'a sau goma, shi ne ake so. Shi ya sa yau za ka ga sanarwar neman ma'aikata an rubuta ana neman aggressive marketer. Yaron da ya tashi a gidan da ake koya masa kunya da kawaici ya karanta, ya ce to ni ai ba mafaɗaci ba ne. Ɗana, ba mafaɗaci suke nema ba. Mai naci suke so, mai zafin nama, mai kutsa kai, wanda zai shiga kasuwa shago-shago har ya cika adadin da aka ɗora masa.

Amma fa tsakanin naci da takura tazarar ba ta da yawa. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar mota da jaka a hannu ya san haka. Ɗan kamasho na farko ya tare ka da fara'a, "Alhaji ina zuwa? Saura mutum ɗaya mu tashi." Wannan himma ce, neman halak yake yi. Na biyu bai ma tambaye ka ba, ya fizge jakar ya yi gaba da ita ya cusa a but, kai kuma kana biye kana cewa ba can za ka ba. Turanci zai kira su biyun da kalma ɗaya. Hausa ba za ta yarda ba, na farko mai ƙwazo ne, na biyu ya zaƙe.

Wani lokacin ma da kalmar ake lulluɓe ɓarna. Kamfanonin ba da bashi ta waya da suka addabi mutane a Najeriya, masu shiga lambobin wayar mutum su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙo cewa ɓarawo ne saboda bashin naira dubu kaɗan, a Turancin kasuwanci ana iya cewa suna karɓar bashi ta hanya aggressive. Har sai da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta far wa wasunsu a 2022. Wannan idan ya zo gabanka a matsayin mai fassara, kada ka ce himma. Sunansa cin mutunci da tozarci.

Wasanni ba sai mun daɗe ba. A damben Turawa, cikin abubuwan da alƙalai ke dubawa wajen ba da maki akwai wanda suke kira effective aggression, wato matsa wa abokin karawa lamba ta yadda naushi ke sauka, ba kai hannu barkatai ba. Duk mai kallon dambenmu na gargajiya ya san bambancin ɗan damben da ke shiga da lissafi har ya yi kisa tun a turmin farko, da wanda ke hargagi kawai yana jefa hannu a iska. A ƙwallon ƙafa, idan aka ce ƙungiyar Liverpool ta zamanin Jurgen Klopp tana wasa aggressive, ana nufin ba ta barin abokin hamayya ya numfasa da ƙwallo, da ta ƙwace musu sai su yi ca su karɓo. Yabo ne. Dokar wasan kuwa da wasu kalmomin take hukunci: sakaci bugun tazara ne, ganganci katin gargaɗi, ƙarfin da ya wuce kima jan kati. A kan titi, direba aggressive shi ne mai tuƙin ganganci, mai manne wa motar gabansa yana danna oda. Kare aggressive kuma mai cizo ne, shi ke nan.

Inda nake son mu ɗan zauna shi ne lokacin da aka ɗora wa mutum kalmar a matsayin halinsa, domin a nan ne take zama makami.

Akwai wata shari'a da ta yi suna a Amurka. Wata mata mai suna Ann Hopkins tana aiki a babban kamfanin akantoci na Price Waterhouse. A 1982 aka sa sunanta cikin mutum 88 da za a duba don ɗaga su zuwa matsayin masu hannun jari a kamfanin, kuma ita kaɗai ce mace a cikinsu. Ta taimaka wajen samo wa kamfanin kwangilar kusan dala miliyan 25 daga ma'aikatar harkokin wajen Amurka. Duk da haka aka jingine maganarta. Wasu manyan kamfanin suka ce ta cika zafi, tana abu kamar namiji. Wanda ya kai mata labari ya ba ta shawara ta riƙa tafiya da magana irin ta mata, ta riƙa kwalliya, ta gyara gashi, ta sa sarƙa da 'yan kunne. Ta kai ƙara, magana ta je har Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci a 1989. Abin da alƙalan suka lura da shi shi ne tarkon da aka ɗana mata: aikin yana buƙatar mutum aggressive, idan ba ta yi ba a ce ba ta iya ba, idan ta yi a ce ba ta da hali. A 1990 wata kotu ta umarci kamfanin ya ba ta matsayin.

Kada mu yi saurin cewa wannan matsalar Turawa ce. Harshenmu ma yana da nasa son kai. Namiji ya buga tebur a taro ya ce ba za a ci kuɗin marayu yana kallo ba, mu ce tsayayye ne, namijin duniya, ba ya tsoron kowa. Mace ta faɗi magana iri ɗaya da murya iri ɗaya, sai ka ji an ce masifaffiya ce, ta cika tsiwa, ba ta da kunya. Ƙaramin ma'aikaci ya nuna wa shugabansa kuskure a lissafi, a ce yaron nan yana da tsaurin ido. Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya fitar da wani ɗan littafi a 1974 mai suna Mutumin Kirki, inda ya tattaro halaye 10 da Hausawa ke auna mutum da su, ciki har da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci. Halaye ne masu kyau, babu mai ja. Sai dai a cikin goman nan akwai gaskiya da adalci, kuma wani lokacin ba a iya tsayar da su sai an ɗaga murya. A ganina, mun fi saurin hukunta mai ƙara a kan muryarsa fiye da mu duba abin da ya kawo.

Su Turawan sun nemi mafita da wata kalma, assertive. Wannan shi ne mai faɗin abin da yake so ƙarara, ya tsaya kan haƙƙinsa, ba tare da ya taka na wani ba. Aggressive kuma shi ne wanda ya wuce nan ya hau kan mutane. A takarda bambancin a fili yake. A ofis kuwa, wanda ke riƙe da biro shi yake zaɓar wadda zai rubuta maka, kuma sau da yawa yakan duba ko kai wane ne kafin ya duba abin da ka yi.

Wannan ya kawo ni ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Ingila da Amurka da Kanada, ko masu shirin tafiya. Mu mutane ne masu magana da ƙarfi, da hannu, da matsowa kusa. Yadda ake ciniki a Kantin Kwari, wani baƙon zai zaci dambe za a yi, alhali da dariya za a rabu. A can, a asibitoci da tashoshin jirgin ƙasa za ka ga an manna sanarwa cewa ba za a lamunci halin aggressive ga ma'aikata ba. Idan ɗan sanda ko ma'aikaciyar jirgin sama ta ce maka kana zama aggressive, ba ra'ayinta take faɗa maka ba, gargaɗi ne, kuma abin da ke biyo baya shi ne a kira masu tsaro ko a sauke ka daga jirgi. Ko da kai ne da gaskiya, ka sassauta murya, ka ja da baya taku ɗaya, ka sauke hannu, sannan ka nemi a ba ka hanyar shigar da ƙorafi a rubuce. Baƙaƙen fata a can sun daɗe suna kukan cewa an fi saurin liƙa musu wannan kalma fiye da kowa, kuma wani likitan ƙwaƙwalwa baƙar fata na jami'ar Harvard, Chester Pierce, shi ya ƙirƙiro kalmar microaggression a 1970 don ya ba ƙananan wulaƙancin yau da kullum suna, irin wanda idan ka yi magana a kansa a ce ka cika ƙorafi.

Akwai kuma ƙanwar aggressive da matasa ke yawan rubutawa a Facebook, passive-aggressive. Likitocin sojan Amurka ne suka fara amfani da ita a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a kan sojojin da ba za su ce wa hafsa a'a ba, amma za su yi ta jan ƙafa da ɓata rai da mantuwar ganganci har aikin ya lalace. Wannan kam ba mu buƙatar darasi daga kowa. Muna da habaici, muna da gugar zana, da shaguɓe, da gatse, da ƙunƙuni, da noƙewa, da "to, ai shi ke nan" wadda kowa ya san ba shi ke nan ba ne. Kakanninmu mata a kan dutsen niƙa suke aika wa kishiya saƙo cikin waƙa ba tare da sun kama suna ba. A wannan fage Hausa ta fi Turanci kayan aiki nesa ba kusa ba.

Wasu abokan aiki sukan ce ya kamata masana su zauna su ƙirƙiro mana kalma ɗaya da za ta maye gurbin aggressive ko'ina. Ban goyi bayan haka ba. Turanci ya cusa farmaki da himma da saurin cuta da kasada da masifa a buhu ɗaya, har su masu harshen suna rigima a kotu kan wanne ake nufi. Mu da muka riga muka raba su, kowanne da sunansa, ban ga dalilin da zai sa mu koma mu cakuɗa ba. Aikin mai fassara ne ya karanta jimlar har ƙarshe, ya ga wa ya tako, wa aka nufa, a wane fage, sannan ya zaɓi tasa.

Ku kuma masu saurare, duk wanda aka rubuta masa wannan kalma a takardar auna ƙwazon aiki, ko aka rubuta wa ɗansa a rahoton makaranta, kada ya sa hannu sai an faɗa masa abin da aka yi, da ranar da aka yi, da wanda aka yi wa. Wanda kuma likita ya faɗa masa ita a kan majinyacinsa, kada ya bar ɗakin sai ya tambayi yaushe za a fara magani.